Jaki Mai Tabarau na Montbrezac

Ƙungiyarmu ta masu kula da tsofaffin gine-gine tana fita yawo sau biyu a shekara, da bazara da kaka. Mu arba'in da ɗaya ne a takarda, amma bas mai kujera talatin tana isarmu, don sauran ko suna asibiti ko kuma iyalansu ba su sanar da mu rasuwarsu ba tukuna. Mukan tashi daga Figeac da ƙarfe takwas, mu tsaya a ƙauye biyu ko uku mu kalli duwatsu, mu ci abincin rana na awa biyu da rabi, mu sake kallon wasu duwatsun muna gyangyaɗi, sannan kowa ya koma gida da ciwon da ya fito da shi.

Sunana Anselme Roubaud. Shekara talatin da takwas na yi ina koya wa yara tarihin da ba su tambaye ni ba, shekara goma sha tara kuma ina shugabancin ƙungiyar nan. Matata Noélie ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ba a yi wata guda da binne ta ba Firmin Delcros, tsohon mai kantin magani, ya miƙe a taro ya roƙi jama'a su tausaya mini, a sauke mini nauyin shugabanci in samu sararin yin kukana. Aka tausaya mini da rinjayen ƙuri'a uku. Shi ya karɓi nauyin, kuma har yau ban ji ya yi kukan ciwon baya ba.

Abu guda bai iya ƙwacewa ba, wato sashe na tara na dokokinmu, wanda ni na rubuta da hannuna. Sashen ya ce duk wani zane ko suna da aka sassaƙa a jikin ginin da muke kula da shi, in an yi shi bayan shekarar 1900, a kankare shi a ranar da aka gano shi. In ya girmi haka, a rufe shi da gilashi a yi masa allo. Ni ne mai kankarewar. Ina da burushin ƙarfe a jakata, kuma na share sunayen masoya sun fi ɗari biyu daga bangwayen yankin nan. Da yawansu na tabbata sun gode mini daga baya.

A watan Satumba Firmin ya aiko wa kowa takarda. Ya ce hukumar ƙauyen Montbrezac ta damƙa mana kula da hasumiyar tsohon gidan sarautarsu, kuma a hawa na uku, inda yake kyautata zaton kurkuku ne, ya gano zanen wani fursuna na ƙarni na goma sha biyar: jaki sanye da tabarau. Ba zai nuna hoto ba, kada masanan Paris su yi masa sata. Za mu gani da idonmu ranar yawon kaka, mu yi ƙuri'a a wurin.

Na karanta takardar sau biyu, na tashi na buɗe akwatin hotuna.

A watan Yulin 1974, kwana shida da aurenmu, na kai Noélie hasumiyar nan. Na tsaya a hawa na uku na yi mata bayanin yadda ake gina matakala mai murɗawa, da dalilin da ya sa take murɗawa ta dama, da ra'ayin waɗanda suka ce ba haka ba ne, da abin da ya sa suka yi kuskure. Ina magana ina kallon taga. Da na waiwayo, ta gama sassaƙa jaki da wuƙar da muka yanka cuku da ita, bakinsa a buɗe, tabarau a hancinsa irin nawa. Ta miƙo mini kyamara ta ce in ɗauke su tare. Ga hoton a hannuna: ita, da wuƙar, da jakin, da kwanan wata a baya. Shekara goma sha tara na yi ina gaya wa ƙungiya cewa babu komai a Montbrezac sai kashin tantabara.

Lissafin a fili yake. In na fito da hoton, Firmin ya gama yawo a garin nan, amma kafin mu sauko dole in kankare jakin, don ni na rubuta dokar. In na yi shiru, jaki ya tsira, Firmin ya shiga jarida. Na yi mako uku ina tunani, na yanke cewa matar da ta tafi ta bar ni da tukunyar da ban san yadda ake kunna mata wuta ba, ba ta da bakin neman alfarma. Na sa hoton a aljihun ƙirji, burushi a jaka.

A bas kowa yana da kujerarsa tun zamanin da muke da haƙora. Tawa tana kusa da ta Madam Huguette, sakatariyarmu, wadda take rubuta duk abin da aka faɗa, har da tari.

"Malam Anselme, yau fuskarka a sake. Wa ya mutu?"

"Babu kowa tukuna."

"Ka sha maganinka?"

"Tun da Firmin ya rufe kanti na daina buƙata."

Firmin yana gaba da lasifika a hannu, yana nuna mana kogi kamar shi ya haƙa shi. Mun tsaya a ƙauye na farko muka ga coci a rufe, mai makullin ta tafi wajen likitan ƙafa. A na biyu muka ga gidan sarauta da wani ɗan Holand ya saya ya sa masa tagogin roba, muka tsaya a bakin ƙofa muka yi masa tsaki a tare na minti goma, Madam Huguette ta rubuta. Da sha biyu daidai muka zauna cin abinci, don a ƙasar nan ko gobara ce sai ta jira ƙarfe biyu.

Aka kawo miyar tafarnuwa, aka kawo cinyar agwagwa da dankalin da aka soya a kitsenta. Firmin ya zo ya zauna gabana da kofinsa, yana juya zoben nan nasa mai tambarin dangi. Kowa a Figeac ya san a kasuwar tsofaffin kaya ya saye shi, kuma kowa ya san ubansa fatun zomo yake bi gida gida yana saye.

"Abokina, na so a ce kai ka gano shi," in ji shi. "Wallahi na so. Shekara nawa kana wuce wurin nan?"

"Idona bai kai naka ba, Shugaba. Kai ka saba karanta rubutun likitoci."

"Kada ka ji haushi. Sa'a ce kawai. Sa'a da ɗan sani."

"Ɗan sani, haka ne."

"Zan so ka ce wani abu bayan jawabina. Kalma biyu, ba irin naka na da ba."

"Na shirya. Ba ma sai na yi magana ba."

Ya dafa kafaɗata ya koma wajen matan da suke yi masa dariya. Na ci cukuna, na ci na Madam Huguette, don likita ya hana ta.

Montbrezac gida ashirin ne da rijiya da kare ɗaya. Makullin hasumiya yana gidan da ke kallon rijiyar, hannun Madam Léontine Cazals, kamar yadda ya kasance a hannun uwarta. Ta fito da shi a aljihun rigar girki, ƙarfe ne mai tsawon cokali. Ta haura tamanin, ba ta kai kafaɗata ba. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kaji, da ta zo kaina ta ɗan daɗe.

"Matakala saba'in da huɗu ce," in ji ta. "Wanda ya san zai mutu ya mutu a nan ƙasa, sauko da gawa wahala ne."

Mutum goma sha ɗaya suka zauna a bakin rijiya. Sauranmu muka hau, ana nishi ana kiran sunayen waliyyai. A hawa na uku rabin rufin ya rufta, haske yana shigowa ta ramin. Firmin ya rataya wani jan mayafi a bango. Ya jira kowa ya mayar da numfashi, ya jira ɗan jaridar da ya gayyato ya gyara kyamara, sannan ya ja mayafin.

Na sa hannu a aljihun ƙirji, na matsa gaba don in ga fuskarsa da kyau lokacin da zan fito da hoton. Kuskurena shi ne na fara kallon bangon.

Jakin yana nan, bakinsa a buɗe, tabarau a hanci. Amma yana da gemu.

Jakin da ke aljihuna ba shi da gemu. Ni ma a 1974 ba ni da shi, sai a 1985 na tsayar, Noélie ta yi wata biyu tana kirana baƙo. Na ƙara matsawa. A ƙirjin jakin akwai lambar yabo rataye da zare, irin wadda ma'aikatar ilimi ta ba ni da na cika shekara talatin ina aiki. Tsakanin kunnuwansa, inda da akwai tsagin gashi, an goge wurin ya yi sumul. Ƙafarsa ta hagu ta baya an naɗe ta da ƙyalle, ƙafar da na karya a kan tsani ina kankare sunan wani Didier. A gefensa an jingina sanda mai lanƙwasasshen kai. Sandar tana hannuna a lokacin, shekara shida ke nan da na fara riƙe ta.

Kowace shekara, ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar da ake kai furanni kaburbura, Noélie takan ɗauki mota ta tafi kabarin goggonta a ƙauyen da ke gaba da nan. Ban taɓa raka ta ba, kullum ina da abin karantawa. Takan dawo da yamma cikin fara'a, ni kuma in ce a raina matar nan tana jin daɗin makabarta fiye da kima.

Firmin yana ta bayani. Fursunan, in ji shi, yana yi wa alƙalin da ya ɗaure shi ba'a ne. Gemun alamar muƙami ce. Abin wuyan sarƙar alƙalai ce. Ƙyallen ƙafa yana nuna shari'a ta gurgunce. Sandar kuwa ta hukunci ce. Ya ce a dubi yadda zurfin sassaƙar ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wannan shaida ce cewa mutumin ya yi shekaru a tsare, ƙarfinsa yana raguwa. A nan kaɗai ya faɗi gaskiya. Layukan sandar ba su da zurfi, hannun da ya yi su yana rawa.

Sai Madam Huguette ta ɗaga biro.

"Shugaba, a gafarce ni. Akwai tabarau a wancan zamanin? Ni dai gani nake kamar irin na kantin nan na kusa da gidan waya."

Aka juya ana kallon jakin. Wani daga baya ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai. Wata ta ce gemun ma kamar ta san shi. Firmin ya duba takardunsa, babu tabarau a ciki. Madam Huguette ta juyo gare ni.

"Malam Anselme, kai ne masaninmu. In sabo ne ka san doka. Ka zo da burushin?"

"Yana jaka."

"To, me ka gani?"

Shekara huɗu nake jiran wannan tambayar. Na cire hannuna daga aljihu babu komai a cikinsa, na gyara murya.

Na ce tabarau sun girmi hasumiyar nan da rufinta, tun ƙarshen ƙarni na goma sha uku ake yin su a Italiya, kuma duk wanda ya karanta littafi ko ɗaya ya san haka. Na ce zana masani a siffar jaki tsohuwar ba'a ce, akwai irinta a jikin kujerun coci da gefen tsofaffin littattafai. Wannan duk gaskiya ne. Daga nan na bar gaskiya a inda take. Na yi magana a kan irin ƙarfen da aka yi sassaƙar da shi, da yadda gansakuka take kama dutse a shekara ɗari biyar, da siffar kunnen jaki kafin a kawo jakunan Spain. Firmin ya ce kalma biyu, na yi minti ashirin da biyar. Ban taɓa koyarwa da kyau kamar ranar ba. Biron Madam Huguette ya ƙare, aka ara mata wani.

Amma raina bai yarda in bar shi ya tafi haka ba. Na ga yadda yake gyaɗa kai yana kumbura, sai na ƙara da cewa:

"Har alƙalin ma ina jin na san shi. Na taɓa cin karo da sunansa a ɗakin tsofaffin takardu na Cahors, takardar ta lalace yanzu. Mutum ne mai raunin gani da raunin fahimta, ya yi suna wajen yanke hukunci kafin ya ji ƙara. Sunansa Delcros."

Na jira dariya. Mutum biyu suka fara, suka tsaya da suka ga fuskar Firmin. Idonsa ya kawo ruwa.

"Delcros," in ji shi a hankali. "A ƙarni na goma sha biyar."

"Jaki ne fa, Shugaba."

"Alƙali. Muna da alƙali tun kafin a gano Amurka." Ya juya wajen ɗan jarida. "Ka rubuta, D babba, s a ƙarshe. Kullum mahaifiyata tana cewa mu ba ƙananan mutane ba ne."

Ya matsa jikin bangon ya tsaya kusa da jakin, ya juya fuska gefe, ya tambayi jama'a ko ba su ga kama a goshi ba. Matan suka ce sun gani. Sannan ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu biyu, yana warin tafarnuwa, ya ce sunana zai shiga allon tare da nasa, a ƙasa kaɗan. Aka yi ƙuri'a, goma sha tara suka ce tsoho ne, babu mai ja. Na ɗaga hannu tare da su. Aka tsayar da cewa mai gilashi zai zo nan da mako uku, kuma za a rubuta wa gwamnati a nemi gyaran rufi.

Na bari kowa ya sauka. Madam Léontine tana tsaye a bakin matakala da makullinta, ban san lokacin da ta hau ba.

"Ka iya ƙarya," in ji ta. "Matarka ta ce ba ka iya ba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Ni nake share wurin nan tun ina 'yar shekara tara. Kana tsammani jaki zai shigo ban gan shi ba? Duk shekara takan zo ta karɓi makulli, ta hau, ta sauko mu sha kofi. Wata shekarar ba ta ƙara komai, ta ce bana bai yi wani sabon abu ba."

"Kuma kika bar Firmin yana ta zuba."

"Shekara goma sha biyu ina rubuta wa magajin gari a kan rufin nan. Ba a gyara rufi don tsohuwa. Don jaki ana gyarawa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Sandar nan ta ba ta wahala. Awa biyu ta yi, na riƙe mata kujera. Ta ce in ka taɓa zuwa kada in gaya maka komai, wai za ka rubuta takarda a kai."

"Ba zan rubuta ba."

"Ka riga ka yi minti ashirin da biyar."

Muka fara sauka, ita a gaba, tana ƙirga matakalar a fili. A wajen ta talatin ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, ranar Litinin takan tafi kasuwa, makullin kuma yana kwana a ƙarƙashin tukunyar furen da ke hagu, tun zamanin uwarta, kuma ita ba ta ƙirga masu hawa.

Ranar Litinin na ɗauki motar Noélie, wadda ban taɓa tuƙawa da kyau ba, na koma da wuƙar cuku. Niyyata in zana mace a gaban jakin, riƙe da igiyarsa, tana dariya. Shekara talatin na yi ina kankare aikin mutane ban san wuyarsa ba. Dutsen yana ƙin wuƙa, wuƙar tana zamewa, na yanke babban yatsa. Bayan awa uku na ja da baya na duba. Wuyan ya yi tsawo, rigar ta kumbura ta baya, hannun da ke riƙe da igiyar ya koma baki. Agwagwa ce, babu wanda zai ce ba agwagwa ba ce. Na shafa mata toka da ƙasa da ɗan nono, yadda gansakuka za ta kama da wuri, na mayar da makullin.

Mai gilashi ne ya fara ganinta, ya kira Firmin a waya. Firmin ya ce shi dama tun farko ya lura da wani abu a wurin a ƙarƙashin dattin, yana jira ne ya tabbatar. A mujallar ƙungiya ta watan Janairu ya rubuta shafi huɗu a kanta. A ganinsa agwagwar tana wakiltar talakawan yankin ne suna jan shari'a zuwa hanya madaidaiciya, kuma aikin wani fursuna ne daban, wanda bai kai na farkon gwaninta ba ko kusa. Ya aiko mini in duba masa kurakurai kafin a buga. Na gyara masa waƙafi biyu, na mayar masa.